Kalmar da Baba Ya Maimaita

A gidanmu ba a iya cewa "raina ya ɓaci" ba. Kalma ake jefowa, a faɗi ma'anarta, a tono asalinta, kowa ya tashi. Baba malamin Turanci ne, har ya yi ritaya ɗalibansa ba su daina kiransa Ƙamus ba, kuma shi ya ɗora mu a kan wannan tsarin tun muna ƙanana. Idan an gama cin abincin yamma sai ya goge hannu, ya dube mu ta saman tabarau, ya saki kalmar Turanci guda ɗaya. Wanda ya riga kawo ma'ana da tushe ya huta da wanke-wanke. Wanda ya tsaya kame-kame shi ne da tukunya. Ni ce auta, don haka na kankare tukwanen duniya kafin in yi wayo.

Mama ba ta shiga wasan. Tana gefe tana ninke kaya, sai dai ta ce, "Ku dai ci gaba da haƙe kabarin kalmomi, wata rana za ku tono abin da zai kore ku." Baba ya yi dariya har tabaran ya zame.

Muka girma muka watse. Yaya ya zama injiniya, ya tare da iyalinsa a wani gari mai nisa. Anti ta zama lauya, ita ma aure ya kai ta wani garin. Ni kaɗai na rage kusa, amma can ƙetaren gada nake haya, kusa da kamfanin wayar da nake aiki. Aikina amsa kiran masu ƙorafi ne, daga safe har yamma ina ba mutanen da ban sani ba haƙuri. Idan na tashi, ko sallamar maƙwabta ba na son amsawa.

Da Mama ta rasu, gidan ya cika, sannan ya zube kamar an zare masa toshiya. Kafin Anti ta koma ta buɗe mana zauren hira a waya, mu huɗu, wai don kada kaɗaici ya kama Baba. Ba a jima ba wasan ya koma can. Kullum da safe sai kalma ta faɗo. Baba ya turo window, Yaya ya yi wuf ya ce asalinta "idon iska" ne a bakin mutanen ƙasashen sanyi. Ya turo companion, Anti ta riga kowa, ta ce daga Latin ne, wanda kuke raba burodi da shi. Baba ya rubuta "Daidai." Ba ya ƙara komai a kai. Ku zo ku ga manyan mutane masu furfura a gemu da 'ya'ya a sakandare suna tsere saboda kalma ɗaya tak daga bakin ubansu. Ni ma ban fi su ba, a bayan gida na ofis nake ɓuya in yi bincike.

Wata safiya ya turo melancholy.

Anti ce ta ci ranar, kuma ta yi bayanin kamar tana gaban alƙali. Ta ce ma'anarta baƙin ciki mai zurfi, irin wanda yake zama a jikin mutum ya ƙi tafiya, ko da ba a ga dalilinsa a fili ba. Ta ce daga Girkanci ta fito, kalmomi biyu ne aka haɗa, ɗaya "baƙi", ɗaya "ruwan matsarmama". Likitocinsu na da sun ɗauka akwai wani baƙin ruwa a cikin ɗan Adam, idan ya yi yawa sai mutum ya daina jin daɗin komai. Yaya, da ba ya yarda a bar shi a baya, ya ƙara da cewa kalmar ta bi ta Latin, ta ratsa Faransanci, sannan ta shiga Turanci. Ni kuma na rasa abin ƙari, sai na ce ashe su ma a ciki suka gano baƙin kamar mu, na liƙa fuskar dariya.

Baba ya rubuta "Daidai."

Washegari ya sake turo ta. Wanda bai san Baba ba zai ce mene ne a ciki. To, tun da muka buɗe ido a duniya mutumin nan bai taɓa maimaita kalma ba. Abin alfaharinsa ke nan, yakan ce ƙamus bai ƙare ba balle ya koma baya. Yaya ya rubuta, "Baba, ai jiya aka yi wannan." Anti ta sake manna amsarta don kada a ce ba ta amsa ba. Baba bai rubuta "Daidai" ba. Kashegari ma ita ce, haka wanshekare. Ya tsaya a kanta kamar allurar agogon da batirinsa ya ƙare.

Sai ga wani sabon zaure a wayata, mu uku, babu Baba. Anti ta ce haka surukarta ta fara kafin ciwon mantuwa ya kwantar da ita, magana ɗaya sau goma. Yaya ya ce in je in duba, tunda ni ce a kusa.

Na je ranar da ba ni da aiki. Gidan a share tsaf, har ya yi yawa. Motarsa tana ƙarƙashin bishiya, ganye ya taru a gilashinta. Burodin da ke kan tebur ya bushe a leda. Shi kuma yana zaune a kujerar Mama, ba tasa ba, da jarida a cinya ko buɗe ta bai yi ba. Na gaishe shi, ya ce lafiya lau. Na ce ya jiki, ya ce alhamdu lillahi.

"Baba, ka san kalma ɗaya kake ta turo mana?"

Ya daɗe yana kallona. Na ga kamar zai ce wani abu, har leɓensa ya motsa. Wayata ta yi ƙara a jaka, na leƙa na mayar. Da na ɗago ya riga ya kawar da kai.

"Haka ne?" in ji shi.

Abin da na kai musu ke nan, kuma shi ya ɗaga hankalin kowa. Kafin mako ya zagayo Yaya ya iso da matarsa da yaransa, Anti ta biyo baya da nata. Gidan ya koma kasuwa. Takalman yara sun toshe ƙofa, wannan yana kuka, wancan ya fasa kofi, ana rigima a kan wa zai riƙe rimot. Baba ya ci abinci har ya nemi ƙari, abin da rabona da gani tun Mama tana raye.

A kicin aka yanke shawara, da murya ƙasa-ƙasa. Za a kai shi wurin likitar ƙwaƙwalwa. Idan ta tabbatar, a karɓe makullin mota, a rufe gidan, Yaya ya tafi da shi. Ni na yi tsalle na dire na ce ban yarda ba. Mutumin da ko jakarsa ba ya bari a riƙe masa? A gidan nan littattafansa suke, a bakin titin nan abokan hirarsa suke, wajen mai jarida. Idan aka cire shi daga nan aka mai da shi majinyaci, me ya rage na Ƙamus? Anti ta ce in daina magana da zuciya. Na ce to mu je, zan so in ga likitar da za ta ƙure Baba da tambaya.

Ofishin likitar ƙarami ne, ga gado mai farar leda, ga ma'aunin nauyi a bayan ƙofa. Ita kanta yarinya ce, ba za ta girme ni ba, mai sanyin murya. Ta gaishe shi da ladabi, ta ce, "Baba, zan faɗi abubuwa uku, ka riƙe min su, an jima zan tambaye ka. Kujera, lemo, makulli." Ya gyaɗa kai. Na harɗe hannu ina jiran a sha mamaki.

Ta tambaye shi yau wace rana ce. Ya faɗi wata daban. Ta tambaye shi wane wata ake ciki, ya dubi silin ya ce bai tabbata ba. Ta ba shi takarda da biro ya zana fuskar agogo. Baba, wanda ko layi zai ja a allo sai ya fito kamar an sa rula, ya cushe lambobin duka a gefe ɗaya. Da ta dawo kan abubuwa ukun sai ya ce, "Kamar akwai wani abu na ci."

Na warware hannuna da na harɗe. Anti ta fita da gudu tana toshe baki. Yaya ya kafa wa ma'aunin nauyi ido kamar shi aka zo dubawa. Likitar ta ce sai an ƙara gwaje-gwaje kafin a yanke hukunci, amma a yanzu kada ya tuƙa mota, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Yaya bai ji rabin farko ba, na biyun ya riƙe.

Da muka dawo gida aka ba ni aikin haɗa kayansa. Rana tsaka ce, yara suna tsakar gida suna ƙwallo da robar ruwa. Na buɗe kabad ɗinsa ina ninke riguna, ina ta cije baki. Da na kai kan tsohuwar rigar sanyin da Mama ta yi wa faci a gwiwar hannu, sai abin ya ƙwace min. Na zauna a ƙasa na yi kuka irin mai majina, wanda ko ranar jana'iza ban yi ba. Ban ji shigowarsa ba. Ƙarar tura ƙofa na ji, sai ga shi tsaye a kaina.

"Kujera, lemo, makulli," in ji shi.

Na ɗago.

"Abin da yarinyar nan ta ce in riƙe mata ke nan. Kuma yau Talata ce. Tambayar 'yan aji ɗaya. Share fuskarki, ba na son wannan kukan."

Ban san lokacin da na miƙe ba. "Baba! Me ka yi ke nan?"

"Rage murya."

"Ba zan rage ba! Ka ga halin da Anti take ciki kuwa? Ka ga Yaya? Wasa kake da mu?"

Ya zauna a bakin gado, ya cire tabarau ya riƙe a hannu. In babu tabaran fuskarsa ƙanƙancewa take yi, ban taɓa lura ba sai ranar.

"Na ba ku kalma," ya ce. "Kun kawo min Girkawa, kun kawo min matsarmama, kun bi ta da ƙafa har Faransa. Babu kuskure ko ɗaya, ni na koya muku. Na sake turowa, ko wani zai ce, Baba, me ya sa wannan? Aka ce min an yi ta jiya."

"To ai sai ka faɗa mana a fili!"

"Ban iya ba, Auta. Uwarku ce ta iya irin wannan maganar. Ni kalmar kawai na sani." Ya juya tabaran a hannunsa. "Kuma da na faɗa, me za a yi? Yayanki ya aiko da sabuwar talabijin. Antinki ta turo addu'o'i. Ke ki leƙo, rabin hankalinki yana cikin jaka. Amma da kuka ce mantuwa ce, je ki ƙirga takalman da ke bakin ƙofa."

Haushi ya turnuƙe ni, nasa da namu duka. Shi ya raine mu a haka, ya mai da mu masu amsa tambaya, yanzu kuma yana jin ciwon mun amsa. Tausayinsa kuma ya hana ni faɗa masa hakan.

"Za su karɓe motarka," na ce. "Za su rufe gidan nan. Za a riƙa yi maka magana kamar ƙaramin yaro."

"Na sani."

"Ka sani kuma ka yarda?"

"Ke ba ki san gidan nan bayan la'asar ba. Firij kaɗai ke magana. Wani lokaci nakan zauna ina jiran ya tashi."

Na ce zan saki hayata in dawo nan da zama. Ya girgiza kai, ya ce bai haife ni don in yi gadin tsoho ba, kuma kafin shekara zan fara jin haushin tarinsa. Gidan Yaya akwai yara, in ji shi, hayaniyarsu kaɗai ta ishe shi magani. Sannan ya yi abin da bai taɓa yi wa ɗayanmu ba, ya roƙe ni. Ya ce, "Don Allah, Auta, ki bar ni in tafi a haka."

Na fita da niyyar in fasa ƙwan kowa ya huta. A falo na tarar da Anti a durƙushe tana ɗaure kwali, idonta jajur. Yaya yana waya da mai gyaran ɗaki, yana cewa a sa ƙarfen riƙewa a banɗaki. Baba ya biyo bayana yana jan ƙafa, ƙaramar 'yar Yaya ta ruga ta rungume shi, ta ja shi kujera ta haye cinyarsa tana wasa da gemunsa. Ya yi dariya, ta gaske, har daga ciki. Anti ta ce, "Auta, lafiya kika tsaya kamar an dasa ki?" Na ce salatif ɗin liƙe kwali nake nema.

Ranar tafiya shi da kansa ya miƙa wa Yaya makullin motar. Cikin littattafansa kwali ɗaya aka ɗauka, Yaya ya ce ɗakin ba zai ci fiye da haka ba, kuma karatu mai yawa zai gajiyar da shi. Mai jarida da sauran abokan hirarsa suka zo bakin mota suna yi masa addu'a da ƙarfi, suna faɗa masa ko su wane ne. Yana gyaɗa musu kai. Ni kaɗai na san yana jin komai, kuma na ji kunyar da yake haɗiyewa kamar a wuyana take. Aka sa wa ƙofar gida kwaɗo. Zauren wayar ya mutu daga ranar, don matar Yaya ta ce waya tana rikita shi, ta adana ta.

Na yi ta cewa zan je, aiki yana hana ni, ko kuma tsoro. Idan na kira Yaya sai ya ce jiki da sauƙi, yana ci yana barci. In aka kara wa Baba wayar a kunne, gaisuwa ce kawai, ga mutane a kansa. Sirrin ya zauna min a ƙirji, ba ya hawa ba ya sauka. Da damina ta wuce na ga ba zan iya ba. Na nemi hutu, na sami gida mai ɗaki biyu kusa da ofis, a ƙasa, mai baranda da ke kallon titi. Na hau mota da niyyar in faɗi gaskiya in taho da ubana, ko yana so ko ba ya so.

Matar Yaya mutuniyar kirki ce, ba zan ci amanarta ba. Ɗakin Baba fes, ga ƙamshi, ga magunguna a jere a faranti. Amma ɗakin can ƙarshen gida yake, bayan sito. Ta ce sun zaɓe shi ne don ya fi shiru. An hana yaran shiga, wai hayaniya tana tayar masa da ciwon, gaisuwar safe kawai suke yi daga bakin ƙofa. Ƙofar waje a kulle take kullum don kada ya fita ya ɓace. Ta shiga gabana tana tafa hannu, ta ɗaga murya tana jan kowace kalma.

"Baaba! Ga baƙuwa! Ka gane ta?"

Yana zaune a kujerar roba ya jingina da bango, wanda ta bayansa ake jiyo muryar yaran a falo. Ya yi ƙiba, fuskarsa ta yi fari irin na wanda ba ya shiga rana. Kwalin littattafan yana ƙarƙashin gado da salatif ɗina a jikinsa. Na jira ta fita, na tura ƙofa na murɗa makulli, na durƙusa a gabansa.

"Baba, mu kaɗai ne. Na sami gida. Akwai baranda, mutane suna wucewa har yamma. Na zo in tafi da kai."

Ya dube ni da murmushi mai kyau, irin wanda yake yi wa iyayen ɗalibai.

"Ke 'yar wa ce?"

Na yi dariya. Na ce ya isa haka, ba mai jin mu. Na jira ya ɗaga gira, ko ya dube ni ta saman tabarau. Na kama hannunsa na matse, na ce in yana ji na ya matse nawa. Hannun yana nan a cikin nawa, da ɗumi, a sake. Na tuna masa ranar da na yi kuka a gaban kabad. Ya ce, "Allah sarki," kamar an ba shi labarin wata.

Na fita na sami Yaya a falo yana kallon labarai. Na zazzage masa komai a tsaye, tun daga kalmar har zuwa abubuwa ukun likita. Na ce lafiyar Baba ƙalau lokacin da muka kawo shi, baƙin ciki ne kawai da kaɗaici, mu muka ƙi ganewa. Ina magana ina kuka ina nuna shi da yatsa. Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya rage sautin talabijin, ya dube ni da tausayi.

"Auta, ni ma na daɗe ban yarda ba. Jiya da cokali ya so ya taje kansa. Ki yi haƙuri, ki karɓi ƙaddara."

Har yau ban sani ba ko Baba ya riƙe wasan ne har a gabana saboda ya daina yarda da kowa, ko kuwa zaman ɗakin nan ne ya mai da ƙaryar gaskiya. Duk wanda na ɗauka a cikin biyun, zuciyata ba ta iya riƙe shi.

Na koma ɗakin don in yi masa sallama. Ya karkata kai yana sauraron bango, yaran suna gardama a kan wani wasa. Na ce, "Baba, ni ce Auta, 'yarka. Zan tafi."

Ya juyo, ya gyara zama don girmama baƙuwa.

"To madalla, an gode da ziyara," ya ce. "Ki gaida mutanen gida."